Tallafin karatun 'yata ya hana mu rangwamen haraji, ko akwai mafita?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mazaunin unguwar Bronx a birnin New York, ina tuƙin tasi, maiɗakina kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Abin da muke samu mu biyu a shekara bai wuce dala 62,000 ba, kuma tare muke cike takardar haraji. Babbar 'yarmu mai shekara 19 ta shiga jami'a a watan Agustan 2024. A shekarar 2025 kuɗin karatunta ya kama dala 9,000, littattafan da malamai suka wajabta dala 800, ɗakin kwana da abinci kuma dala 12,000. Jami'ar ta ba ta tallafin dala 5,000 saboda ƙwazonta, wanda aka ce na kuɗin karatu ne kawai, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta tallafin Pell na dala 5,500. Ragowar dala 11,300 mun cike ne da bashin ɗalibai da kuɗin adashen mahaifiyarta da dala 4,000 da ita kanta ta samu a aikin hutu. Da na kai takardar 1098-T, wadda jami'a ke bayarwa a kan kuɗin karatu da tallafi, wurin mai cike mana haraji, sai ya ce tun da gurbi na 5, na tallafi, ya fi gurbi na 1, na kuɗin karatu, ba mu da rabo a rangwamen dala 2,500 da abokan aikina ke samu, har ma za a lissafa wa yarinyar dala 1,500 a matsayin kuɗin shiga. Wani aboki ya ce in nemi mai cikewar da ba ya shigar da gurbi na 5 ko kaɗan, wani kuma ya ce akwai hanyar juya tallafin, amma zuciyata tana raya mini cewa ha'inci ne. Har na fara tunanin hana ta neman tallafi baɗi. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinyar albarka, ya ƙara mata basira, ya saka muku da alheri kai da mahaifiyarta a kan wannan ɗawainiya. Kafin mu shiga lissafi ina roƙonka ka kawar da tunanin hana ta neman tallafi, domin abin da ta samo muku da ƙwazonta da cike takardu ya kai dala 10,500, alhali rangwamen da kake jin ya kuɓuce muku, ko an ba ku shi cif, dala 2,500 ne. Kuma bisa alƙaluman da ka rubuto, ina ganin bai kuɓuce ba.

Rangwamen da abokan aikinka ke magana a kai shi ne wanda ake kira American Opportunity Tax Credit, ko AOTC a taƙaice, wanda aka ƙirƙiro a 2009 aka kuma mayar da shi na dindindin a 2015. Yadda ake lissafa shi shi ne, dala 2,000 ta farko da iyali suka kashe a kan karatun ɗalibi ana mayar musu da ita gaba ɗaya, dala 2,000 ta biyu kuma ana mayar da kashi ɗaya cikin huɗu, wato dala 500, saboda haka wanda ya kashe dala 4,000 shi ne yake samun dala 2,500. Kuɗin da ake lissafawa su ne na karatu, da kuɗaɗen da makaranta ta wajabta kafin a yi rajista, da littattafai da kayan aikin da darasi ke buƙata ko da ba a makarantar aka saye su ba. Ɗakin kwana da abinci da kuɗin mota da inshorar lafiya duk ba sa ciki, komai yawansu. Ma'auratan da suka cike takarda tare suna samun cikakken rangwamen idan kuɗin shigarsu bai haura dala 160,000 ba, ya riƙa raguwa har ya ƙare a dala 180,000, don haka ta wannan fuska ba ku da matsala. Ita kuma yarinyar tana cikin shekaru huɗun farko na jami'a, tana neman digiri, kuma tana ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi, waɗanda su ne manyan sharuɗɗan da ke kanta.

Inda tallafi yake shigowa shi ne a kan ƙa'idar da ta hana cin moriya biyu a kan kuɗi ɗaya. Tallafin karatu da aka biya kuɗin makaranta ko littattafai da shi ba a ɗora masa haraji, wannan moriya ɗaya ce. Hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, ba za ta yarda a sake ɗaukar wannan kuɗin makarantar da tallafi ya biya a nemi rangwame a kansa ba, domin ba daga aljihun iyali ya fito ba. Shi ya sa ake cire tallafin daga kuɗin karatu, abin da ya rage shi ne ake lissafa rangwame a kai. Wannan shi ne abin da mai cike muku haraji ya yi: ya ga dala 9,000 a gurbi na 1, ya ga dala 10,500 a gurbi na 5, ya ɗebe, bai ga saura ba. Bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a rabin hanya, kuma ko a wannan rabin ya manta da littattafan dala 800, waɗanda ba sa fitowa a takardar 1098-T idan a waje aka saye su. Da ya sa su, da rarar da za a lissafa wa yarinyar dala 700 ce, ba 1,500 ba.

Rabin hanyar da bai bi ba shi ne abin da abokinka na biyu ya kira juya tallafi, kuma a nan nake son ka natsu, domin a nan amsar tambayarka take. Tallafin karatu iri biyu ne. Akwai wanda mai bayarwa ya ɗaure shi ya ce kuɗin karatu kaɗai za a biya da shi, kamar dala 5,000 da jami'a ta ba 'yarka, ko tallafin TAP na jihar New York. Wannan babu yadda za a yi da shi, dole a cire shi daga kuɗin karatu. Akwai kuma wanda sharuɗɗansa suka yarda a kashe shi a kan kowace buƙata ta zaman ɗalibi a makaranta, har da ɗaki da abinci, kuma Pell yana cikin wannan rukuni. A kan irin wannan, doka ta ba ɗalibi zaɓi: ko ya ɗauka cewa kuɗin karatu ya biya da shi, ya zama babu haraji a kansa kuma babu rangwame, ko ya ɗauka cewa ɗaki da abinci ya biya da shi, ya bayyana shi a matsayin kuɗin shigarsa, sai kuɗin karatun ya zama daga aljihun iyali ya fito, rangwame ya tabbata. Ko da ofishin kuɗi na jami'a ya rubuta a littafinsa cewa Pell ɗin a kan kuɗin karatu ya ɗora shi, wannan bai ƙwace wa ɗalibi zaɓin ba, matuƙar dai da gaske ya kashe kuɗin ɗaki da abinci da suka kai adadin da yake son juyawa.

Na fahimci abin da ya sa zuciyarka ta ƙi natsuwa, kuma ina girmama wannan tsantseni, domin shi ne yake tsare mutum daga faɗawa cikin abin da zai yi da na sani. Amma ka duba yadda lamarin yake a zahiri. A shekarar an kashe dala 21,800 a kan yarinyar, tallafi ya ɗauki 10,500, ku kuka ɗauki 11,300, kuma duk kuɗin asusu ɗaya suka shiga a jami'a. Babu wata alama a jikin dalar Pell da ta nuna cewa aji ta biya, ko a jikin dalar adashen Hajiya da ta nuna cewa gado ta biya. Ha'inci shi ne ɓoye abin da aka samu ko ƙirƙiro abin da ba a kashe ba, a wannan hanya kuwa babu ko sisin da aka ɓoye, hasali ma ƙarin kuɗin shiga ake bayyanawa. Kuma ba dabarar wani akanta ba ce: hukumar IRS da kanta ta yi bayanin wannan zaɓi, tare da misalai, a littafinta na jagora mai lamba 970 wanda ya tattara moriyar haraji da ta shafi ilimi, a sashen da ya yi magana a kan daidaita rangwamen da tallafin Pell da sauran tallafi. Kowa yana iya sauke shi kyauta a shafin hukumar na intanet, kuma ina ba ka shawara ka sa yarinyar ta buga wannan sashe a takarda ku tafi da shi.

Ga yadda lissafinku zai kasance. Kuɗin karatu da littattafai sun haɗu dala 9,800. Kuna son dala 4,000 daga ciki ta zama ku kuka biya, saboda haka abin da za a bar wa tallafi ya biya dala 5,800 ne: dala 5,000 ta jami'a wadda ba ta motsuwa, da dala 800 daga Pell. Ragowar Pell, dala 4,700, ita ce za a ɗauka ta tafi ɗaki da abinci, kuma tun da waɗannan sun ci dala 12,000, akwai wurin da za ta zauna har da rara. Yarinyar za ta cike takardar harajinta ta kanta, fom 1040, ta nuna cewa iyayenta sun sa ta cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu, ta rubuta albashin hutunta na dala 4,000, ta kuma rubuta dala 4,700 ɗin a Schedule 1, takardar da ake haɗawa da fom ɗin, a layin da aka ware wa tallafin karatun da bai fito a takardar albashi ta W-2 ba. Ku kuma ku cike fom 8863, wanda ake neman rangwamen da shi, a cikin taku takardar, ku nuna dala 4,000.

Tambayar da za ta zo maka nan take ita ce nawa za a caji yarinyar a kan dala 8,700 da ta zama kuɗin shigarta. A harajin tarayya amsar ita ce ba komai. Ɗan da iyaye ke ɗauke da nauyinsa yana da kason da ba a ɗora wa haraji, wanda ake lissafawa da abin da ya samu ta hanyar aiki a ƙara dala 450, har iyakar dala 15,750 a shekarar 2025, kuma a wannan lissafi ana ɗaukar tallafin karatun da aka bayyana tamkar kuɗin aiki. Kason 'yarka zai zama dala 9,150, ya haura abin da ta samu, don haka babu abin da ya rage da za a ɗora wa haraji. Idan ma an riƙa cire mata harajin tarayya daga albashin hutun, wannan takarda ce za ta dawo mata da shi.

Jiha ce za ta ɗan taɓa ku, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. A New York kason da ba a ɗora wa haraji ga ɗan da ke ƙarƙashin iyaye dala 3,100 ne kawai, don haka ƙarin dala 4,000 da aka juya, a kan dala 700 da dama za a lissafa mata, zai jawo harajin jiha da na birni wanda a ƙiyasina ba zai kai dala 300 ba. Ka ware wannan kuɗi daga cikin abin da zai dawo maka ka biya mata, domin ba daidai ba ne rangwamen ya shiga aljihun uba, harajin kuma ya faɗa a kan 'ya wadda ƙwazonta ne ya jawo alherin tun farko. Haka kuma idan za ta sake cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, a kan kuɗin shigar shekarar 2025, ta lura da tambayar da ke neman adadin tallafin karatun da aka bayyana wa IRS a matsayin kuɗin shiga, ta rubuta dala 4,700 ɗin a wurin, domin a cire shi daga lissafin da ake auna buƙatarta da shi.

A ɓangarenku, dala 2,500 ɗin kashi biyu ce. Dala 1,000 ana biyan ta ko da ba a bin iyali harajin komai, dala 1,500 kuwa tana rage harajin kuɗin shigar da ake binku ne kawai, iya inda ya tsaya. Tun da kai direba ne mai zaman kansa, ka sani cewa wannan kashi na biyu ba ya rage harajin masu sana'ar kansu da kake biya domin fansho da kiwon lafiyar tsofaffi, harajin kuɗin shiga kaɗai yake taɓawa. Da irin abin da kuke samu, akwai kyakkyawan zaton za ku ci moriyar mafi yawansa ko dukkansa, amma sai an shigar da alƙaluman sauran yaranku za a ga adadin na ƙarshe.

Ba kowane gida ne wannan hanya take yi wa daidai kamar yadda ta yi muku ba, kuma na faɗi haka ne saboda masu karatu da za su so su kwaikwaya. Idan ɗalibi yana da albashi mai kauri, ko tallafinsa ya yi yawa har kuɗin shigarsa ya haura kason da ba a ɗora wa haraji, to rarar tana iya faɗawa ƙarƙashin ƙa'idar fom 8615, wadda take ɗora wa ɗalibin da bai kai shekara 24 ba haraji da ma'aunin iyayensa, domin a wannan ƙa'ida ba a ɗaukar tallafi a matsayin kuɗin aiki. A irin wannan hali dala 2,000 ta farko takan ci gaba da zama riba, tun da ana mayar da ita gaba ɗaya, ta biyun kuwa da take kawo dala 500 kawai sai an auna a ga ko harajin da za ta jawo bai cinye ribar ba. Hanyar gane wannan ita ce a cike takardun iyaye da na ɗalibi sau biyu ko uku da adadi daban-daban kafin a aika, a zaɓi wanda ya fi amfanar gidan baki ɗaya.

Shawarar abokinka na farko kuwa, ta neman wanda zai tsallake gurbi na 5, ita ce ha'incin da zuciyarka take gudu, kuma ina gargaɗinka da ka nisance ta. Jami'a tana aika wa IRS kwafin wannan takarda ta 1098-T, don haka hukumar ta riga ta san adadin tallafin kafin takardarka ta isa. Wanda aka samu ya karɓi rangwamen ba bisa ƙa'ida ba zai mayar da kuɗin tare da ruwa, mai yiwuwa da tara, ana kuma iya hana shi rangwamen shekara biyu idan ganganci ne, shekara goma idan zamba ce. Sa hannunka ne a ƙasan takardar, kai za a nema, mai cikewar kuwa ya riga ya karɓi ladansa.

Akwai abu ɗaya a kan takardar 1098-T da nake son ku bincika da kyau kafin ku amince da alƙalumanta. Jami'o'i da yawa suna karɓar kuɗin zangon da zai fara a Janairu tun a watan Disamba, tallafin zangon kuma ba ya shiga asusun ɗalibi sai a Janairu, sai ka ga kuɗin karatun ya faɗa a takardar wata shekara, tallafinsa a ta wata. Doka tana lissafa kuɗin karatu ne a shekarar da aka biya shi, muddin zangon zai fara a cikin shekarar ko a watanni ukun farko na mai bi mata. Saboda haka yarinyar ta shiga shafinta na ɗalibai ta sauke cikakken bayanin asusunta, wanda yake nuna kowane caji da kowane biya da ranarsa, ku ajiye shi tare da rasit ɗin littattafai da wasiƙar da jami'a ta sanar da ita tallafin dala 5,000. Ku karanta wasiƙar kalma bayan kalma, domin wani lokaci abin da aka gaya wa ɗalibi da baki cewa na kuɗin karatu ne kawai, a rubuce ba haka sharaɗin yake ba.

Ba ka ambaci abin da ya faru da harajin 2024 ba, amma idan a bara ma an ce muku babu rangwame saboda wannan dalili, ƙofa ba ta rufe ba, domin ana iya gyara takardar da fom 1040-X a cikin shekara uku daga lokacin da aka shigar da ita, yarinyar ma ta cike tata ta shekarar 2024 ɗin. Sai dai ka tuna cewa AOTC sau huɗu kawai ake karɓarsa a kan ɗalibi ɗaya, alhali digirin shekara huɗu yakan taɓa shekarun haraji biyar. Na 'yarka zai fara daga 2024 ya ƙare a 2028 in Allah ya yarda. Shekarun tsakiya uku cikakku ne, sai ku zaɓi ɗaya tsakanin zangon farko na 2024 da zangon ƙarshe na 2028. A shekarar da ta rage, ko idan ta wuce zuwa digiri na biyu, akwai ɗayan rangwamen mai suna Lifetime Learning Credit, wanda yake mayar da kashi 20 cikin 100 na dala 10,000 ta farko, iyakarsa dala 2,000 a takarda ɗaya, ba shi da iyakar shekaru, amma yana rage harajin da ake bi ne kawai, kuma ba a haɗa shi da AOTC a kan ɗalibi ɗaya a shekara ɗaya.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa yarinyar ce ya kamata ta nemi rangwamen tun da da sunanta takardar ta zo. Matuƙar kun sa ta cikin waɗanda kuke ɗauke da nauyinsu, ku ne masu neman sa, kuma abin da ta biya da albashinta ko da bashin ɗalibai ana ɗaukarsa tamkar ku kuka biya. Yawan tallafin ma bai fitar da ita daga ƙarƙashinku ba, domin ba a lissafa shi cikin abin da ɗalibi ya ciyar da kansa. Ga 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya ko Nijar ko Gana da bizar karatu kuwa, galibinsu a shekaru biyar na farko dokar haraji ba ta ɗauke su mazauna ƙasa ba, don haka waɗannan rangwame biyu ba su shafe su ba, kuma kada su yarda wani ya cike musu su.

Ka koma wurin mai cike muku harajin da sashen littafi mai lamba 970 da bayanin asusun jami'a da wasiƙar tallafin, ka nemi ya sake lissafin ta hanyoyi biyun ya nuna maka bambancinsu a rubuce. Idan ya ce bai san wannan hanya ba ko ya ƙi dubawa, akwai shirin VITA da IRS ke ɗaukar nauyinsa, inda masu aikin sa kai da aka horar suke cike wa masu matsakaicin samu haraji kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. Tun da kai mai sana'ar kanka ne, ka fara kiran su ka tambaya ko suna karɓar irin takardarka, idan ba sa karɓa ka nemi akanta mai lasisi. Ka tafi da yarinyar, domin takardu biyun dole alƙalumansu su dace da juna, kuma shekara uku masu zuwa ita ce za ta riƙa tattara waɗannan takardu. Ku yi ƙoƙari ku gama tun a watan Maris, kada ku bari sai 15 ga Afrilu ta matso layi ya yi tsawo.